Taubashinmu na Ingila

Shekarar da aka ɗauke Ba'amurke daga wurin aikin maigidana aka kawo Baturen Ingila, ita ce shekarar da na ga namiji ya rame saboda wasa. Sunana Husainatu, 'yar Tsibirin Gobir. Lokacin muna zaune a Minguettes, can gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa, a wani dogon bene wanda na'urar hawansa take aiki ranar da ta ga dama. Maigidana, wanda mutane ke kira Moutari ni kuma nake ce wa Malam, shi ne shugaban masu lodi a wani babban sito a Vénissieux, inda ake tara kayan injina ana aika su ƙasashe. Da ɗaukar kwali ya fara har ya kai ga riƙe makullai, kuma ba na jin kunyar cewa ya iya aikinsa.

Ba'amurken sunansa Lari, ana ce masa Misye Lari, yadda Faransawa ke girmama namiji. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya. Idan zai ba da labarin ban dariya, sai ya fara sanar da kai cewa ga labarin ban dariya nan tafe. Ya ɗaga hannu, ya tara mutane, ya zuba labarin da faransancinsa mai karkace, kuma kafin ya kai ƙarshe ya riga kowa fashewa, ya kai wa na kusa da shi duka a kafaɗa. A labaransa kullum akwai wani wawa, kuma wawan ba shi ba ne. Ma'aikata kuwa kowa gwarzo ne a bakinsa, mai shara gwarzo, direba gwarzo, Malam gwarzon gwaraza. Malam ya sha gaya mini cewa rabin labaran bai gane su ba, amma bai taɓa kuskuren wurin dariya ba. Ya ce mutanen Amurka suna da tausayi, don ko a wasanninsu da yaranmu ke kallo a talabijin bayan makaranta, sun zuba dariyar a cikin akwatin tun daga can, kai naka kawai ka bi sahu.

Sai aka mayar da Misye Lari babban ofis a Paris, aka aiko Baturen Ingilan, Misye Ramsden. Dogo ne siriri, kullum da baƙar laima a hannu ko da rana tana ƙwalla, fuskarsa kamar ta wanda ya kurɓi maɗaci yana jiran ɗacin ya wuce. Zuwansa ya zo daidai da jita-jitar cewa kamfani zai rage ma'aikata a Lyon, ya mayar da wani ɓangaren aikin sabon sito a Bobigny, kusa da Paris. Kowa ya san sabon manajan ne zai faɗi wanda zai zauna da wanda za a sallama. A wurinmu maganar ba ƙarama ba ce. Takardar zaman Malam a Faransa ta kusa sabuntawa, kuma ba a sabunta wa marar aiki cikin sauƙi. Ga yara a makaranta, ga tsofaffi a gida sun zuba mana ido.

Ranar farko Misye Ramsden ya zagaya siton, ya ga komai a jere tsaf, ya ce wa Malam ya yi tsammanin abin zai fi haka muni. Wata rana suka gama lodin motoci tun kafin azahar, sai ya duba agogo ya ce idan Malam ya ci gaba da haka manya za su ɗauka aiki abu ne mai yiwuwa, kuma kowa zai shiga uku. Da rufin ofishinsa ya yi yoyo bai kira mai gyara ba. Ya buɗe laimarsa ya ci gaba da rubutu a ƙarƙashinta, ya ce wa Malam ya gode da aka shirya masa abin da zai riƙa tuna masa gida. Kansa ma bai bari ba, don ya ce an turo shi Lyon ne domin mutanen Landan su samu su huta. Duk wannan ba murmushi, ba ƙifta ido, ba duka a kafaɗa.

Malam yakan kwaso maganganun nan ya zo da su gida, ya zube mini su a bakin ƙofa tare da takalmansa. Ya juya su ta nan, ya juya su ta can, kullum amsar ɗaya yake samu: mutumin nan ya tsane shi, kuma shi zai fara kora. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani magatakarda Bafaranshe, Misye Perrin, wanda ba ya zuwa aiki sai rana ta ɗaga. Shi wannan Misye Ramsden ba ya yi masa magana sai da ladabi, da don Allah da na gode, har yana buɗe masa ƙofa. Malam ya daina cinye tuwonsa. Sai da na kai bel ɗinsa wurin mai gyaran takalma aka ƙara masa huda.

Ni kuwa ba a taɓa mini miji in yi shiru. Na ce ya bar ni in shiga bas in je in tambayi dogon nan abin da muka tsare masa. Na ma tsara abin da zan faɗa, da faransancin kasuwa wanda ya ishe ni faɗa da mai kifi. Malam ya rantse idan na taka ƙofar siton nan zai bar mini gidan, sai na haƙura na koma zagin Baturen ina daka.

Wata Lahadi Mounkaila ya zo. Bazabarme ne, yana sayar da atamfa da turare a kasuwar unguwarmu, kuma tun a jirgin da ya kawo su Faransa suke tare da Malam. Wanda ya san Gobirawa da Zabarmawa ya san abin da ke tsakani. Taubasai ne, zagi a tsakaninsu gaisuwa ce, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kowa yana iya ɗauke hular wani ya tafi da ita, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Tun daga matakala muka jiyo muryarsa yana haki.

"Ina bawan nan nawa? Husainatu, ce mishi ubangidanshi ya zaka, ya kawo ruwan wanke hannu."

Malam ya ce masa sannu da zuwa kawai. Mounkaila ya zauna ya ja kwano gabansa, ya ce tsagar fuskar Gobirawa ba komai ba ce illa shaidar kakansu ya yi kokawa da kyanwa ya sha kashi. A ranar lafiya wannan maganar takan ja awa guda ana musayar wuta. Ranar nan Malam ko kai bai ɗaga ba. Mounkaila ya dube shi da kyau, ya ajiye cokali, ya gyara zama, ya sauke murya.

"Malam Moutari, lafiya dai? In wani abu na yi maka, ka gafarce ni."

Sai na ga idon Malam ya kawo ruwa. "Haba Mounkaila, har kai? Mi na yi maka da za ka ce mini Malam?"

Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ga mutum ya sha zagi bai motsa ba, an girmama shi sau ɗaya yana neman yin kuka. Na tambayi Malam su wa Baturen nan yake yi wa baƙar magana a siton. Ya yi tunani ya ce shi kaɗai, sai kuma kansa. Na ce Misye Perrin fa, mai shan ladabi? Ya ce ai shi ranar Juma'ar nan aka sallame shi. Misye Ramsden ya raka shi har bakin ƙofa, ya ba shi hannu, ya gode masa da kyakkyawan aikinsa.

"Malam," na ce, "wanga Bature naka Bazabarme ne. Fata kawai anka canza mishi."

Malam ya ce in daina shirme, Turawa ba su san taubashi ba. Mounkaila kuwa, da ya gane ba shi ne ya yi laifi ba, ya dawo cikin hayyacinsa ya goyi bayana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce hanya ɗaya ce, a rama. Taubashin da ake ta yi wa shiru zai ɗauka an ƙi shi ne. Idan Baturen ya yi fushi, to maƙiyi ne, kuma dama aikin ya riga ya tafi. Ya cinye naman da ke kwanon, ya ce miyar Gobirawa ruwan wanki ce, ya ɗauki hular Malam ya sa a kansa ya fita.

Faɗar abu ta fi yinsa sauƙi. Malam ya yi makonni yana tafiya aiki da niyyar ramawa, ya dawo da ramuwarsa a baki bai furta ba. Ana cikin haka kamfani ya gayyaci shugabannin sassa da matansu walimar ƙarshen shekara a Paris, abincin rana, kuma aka ce a ranar kowa zai san matsayinsa. Muka bar yara wurin maƙwabciya muka shiga jirgin ƙasan nan mai gudu. Malam ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Ni na ɗaura ɗankwalin da saboda tsayinsa sai da mutumin da ke bayana ya sake kujera. Tun daga Lyon har Paris leɓen Malam ke ta motsi, ban sani ba ko addu'a yake yi ko haddar zagi.

Gidan abincin yana kusa da tashar. An shirya mana kifi da lemo, an zaunar da mu a dogon tebur tsakanin Faransawa masu kwat. Misye Lari yana hango Malam ya taso ya rungume shi har ƙafafun Malam suka bar ƙasa. Da aka zo jawabi shi ya fara. Ya ce a shirya, ga wani labari da zai kashe mu da dariya, ya ba da labarin wani direba da ya kai kaya garin da ba a aike shi ba. Ya kwaikwayi muryar direban, ya kwaikwayi ƙarar motar, ya buga tebur, ya fashe, kowa ya bi. Ni ma na yi dariya sosai, kuma har yau ban san me ya sami direban ba. Mutumin kirki ne, ba ya barin kowa a baya.

Sai Misye Ramsden ya miƙe, ya fara da ba da haƙuri cewa zai ɓata mana cin abinci. Ya ce shekararsa a Lyon ta koya masa cewa sito yana iya tafiya ba tare da manaja ba, kuma yana roƙon kada wannan sirrin ya fita daga ɗakin. Wasu suka yi 'yar dariya suna satar kallon juna. Sannan ya juyo wajenmu. Ya ce akwai mutum guda da ya hana shi sakat, wanda yake zuwa aiki kafin kowa don kawai ya kunyata shi. Ya ce ya yi watanni yana neman laifin Misye Moutari bai samu ba, kuma wannan abu ne da ba zai taɓa yafe masa ba. Ya zauna, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Na ji kujerar Malam ta motsa. Na kama gefen rigarsa, ya fizge. Ni ce na ce ya rama, gaskiya ne, amma nufina 'yar kalma ɗaya a cikin sito, ba a gaban manyan kamfani ba. Shi kuwa tunda ya yarda mutumin taubashi ne, sai ya ɗauko wasan gaba ɗayansa kamar yadda ake yin sa a Tsibiri, bai rage komai ba. Ya tsaya ya gyara hannun riga, ya yi magana da faransanci a tsanake.

"Jama'a, ku yi haƙuri da shi. Wanga yaro bawana ne. Kakanshi shi ka ɗaukar ma kakana kaya. Ƙasarsu ba rana, abincinsu ba gishiri, yunwa ta koro shi Lyon, ni kuwa na ji tausai na riƙe shi."

Bai tsaya nan ba. Ya zagaya teburin, ya cire baƙar laimar daga bayan kujerar Misye Ramsden, ya ce tunda bawa ba ya mallakar komai wannan tasa ce. Ya dawo ya zauna da ita a cinya.

Wata mata ta rufe baki da hannu, wani ya ajiye cokali a hankali don kada ya yi ƙara. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar, har na fara tunanin yadda zan gaya wa yara su yi sallama da makarantarsu. Misye Lari ya yi ja har kunne. Ya duba dama ya duba hagu yana neman wanda zai fara dariya, bai samu ba, sai ya ɗan miƙe ya ce wasa ne jama'a, wasa Moutari yake yi, ko ba haka ba? Malam bai ko kalle shi ba. A wurinmu wanda ya zagi taubashinsa sannan ya ce wasa nake yi, ya ɓata wasan.

Misye Ramsden ya goge bakinsa da ƙyalle, ya ninke shi, ya daɗe yana kallon laimar.

"Na daɗe ina zargin haka," ya ce. "Mahaifiyata ba ta taɓa son a yi maganar kakanmu ba."

Sannan ya tambaya ko ubangidansa zai ba shi izini ya ƙarasa kifinsa. Malam ya ɗaga masa hannu irin na masu gari ya ce ya ci. A lokacin ne na ga gefen bakin Baturen ya yi rawa, kaɗan, kamar wanda ƙuda ya sauka a leɓensa. Wani tsohon darakta Bafaranshe ne ya fara fashewa, sauran suka bi, Misye Lari ya zo na ƙarshe kuma ya fi kowa ƙara, amma idonsa na nan cike da tambaya. Su biyun da suka jawo abin kuwa suka ci gaba da cin kifinsu, ba wanda ya yi dariya a cikinsu.

Da aka tashi Misye Lari ya same ni wajen rataye riguna, ya tambaye ni a ɓoye ko da gaske mutanen nan biyu lafiya suke. Ya ce a ƙasarsu ma ana tsokanar aboki a gaban jama'a, amma ana yi ana dariya, kuma a ƙarshe sai a rungume shi a gaya masa ana son sa, don kowa ya koma gida da kwanciyar hankali. Na ce masa a wurinmu idan ka rungumi taubashinka ka ce kana son sa, zai ɗauka likita ya gaya maka wani abu ne game da shi. Ya yi dariya, ya ce shi dai ba zai iya zama Bagobiri ba. Na ce dama ba mu nema ba.

A waje ana ruwa. Muna tsaye a bakin ƙofa Misye Ramsden ya zo ya tsaya kusa da Malam, yana kallon titi. Ya ce sabon siton Bobigny yana bukatar shugaba. Ya ce ya nemi wanda ya cancanta ko'ina bai samu ba, saboda haka dole ya ba da sunan Misye Moutari, kuma manya sun yi sakaci sun amince. Ni na gane, har na fara hamdala a zuci. Amma Malam ya yi watanni ba ya barci, kuma mutumin da aka ƙara wa bel huda yana da haƙƙin ya ji magana a miƙe.

"Misye," ya ce, "sau ɗaya tak, saboda madam. Hwaɗa mini ba da wasa ba. Aikina ya yi?"

Ban taɓa ganin mutum ya shiga wahala irin wadda Baturen nan ya shiga ba. Ya yi ja, ya taɓa wuyan rigarsa, ya dubi takalmansa kamar a can amsar take. Da ƙyar ta fito, a hankali.

"Ban taɓa aiki da wanda ya kai ka ba."

Yana faɗa ya gyaɗa mini kai, ya ɗaga wuyan kwat ɗinsa, ya faɗa cikin ruwan da sauri kamar wanda aka biyo. Na zunguri Malam na ce ya bi shi da laimar mana. Ya ce a'a, mayar da ita zagi ne na gaske. Ya buɗe ta a kanmu muka nufi tasha, muna hango dogon yana tsallake kwata, ruwa na zuba a kansa.

Sai da jirgi ya bar Paris Malam ya buɗe ƙunshin soyayyen naman da na taho da shi, wanda ya ƙi taɓawa da safe, ya cinye tas ya lashe yatsa. Laimar tana jingine a ƙafarsa tana ɗiga. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya goge ido da hannun riga ya ce hayaƙin taba ne, alhali ba mai shan taba a wurin.

"Na wahal da bawan Allah," ya ce. "In sha Allahu ba ni ƙara sa shi ya yabe ni."